Shekarar da Ruwa Ya Janye

Kakan mahaifiyata, Anselmo, maƙeri ne.
Shi ya aza duwatsun gidan da hannunsa
a wani kwari na Aragon, can ƙasar Sifen,
inda inuwar dutse ke rufe gari tun kafin la'asar.

Ban riske shi ba. Tsayinsa na riska.
Ya yanka ƙofar daidai kansa,
shi kuwa gajere ne,
duk namijin da ya biyo baya a zuri'armu
sai ya sunkuya kafin ya shiga.
Kaka Casilda kan ce da gangan ya yi,
kada wani ya shigo masa gida da girman kai.

Shekarata bakwai a bazarar ƙarshe.
Na tuna matakala ta uku da ke kuka in an taka,
ita ke tona asirin mai satar cuku da dare.
Na tuna alfadara a ɗakin ƙasa,
ɗumin jikinta na ratsa katako ya iske mu a shimfiɗa,
da tulun man zaitun da ya fi ni tsawo,
da ɓauren da ya tsaga katanga
aka rasa mai zuciyar sare shi.
Agogon bango yana gaba da minti goma
tun daren da Eusebio, ƙanen kaka,
ya haura duwatsu ya bar takalmansa na coci
a ƙarƙashin gado.
Ba a gyara agogon ba.
Ba a kuma ba da takalman ba.

Sai ga mutane da takardu da igiyar awo.
Suka ce za a datse kogi,
birni na bukatar wuta,
ruwa zai kai har wuyan hasumiyar coci.
Aka tone matattu aka kai su tudu,
Anselmo ya tafi cikin akwati ƙarami kamar na jariri.

Ran tashi kaka ta share gidan tas,
ta kwashe tokar murhu, ta goge tagogi,
ta murza makulli sau biyu.
Kawu Fermín ya yi dariya:
Inna, wa kike kulle wa? Kifi?
Ba ta tanka ba.
Ta jefa makullin a aljihu, ta hau mota ta baya,
ba ta waiwaya ba sai da muka wuce gada.

A Zaragoza, hawa na biyar,
reshen ɓauren da ta ɗebo ya rayu a tukunya
shekara goma sha tara, bai taɓa haihuwa ba.
Kowa ya bar gida, gida ya bar shi, in ji masu magana,
amma ita kullum da magariba
takan ce bari in rufe wa alfadara.

Bana aka yi fari.
Ruwa ya janye kamar mai jin kunya,
garin ya fito tsirara, fari fat da laka.
Na tafi da 'yata Nieves, makullin na aljihuna.
Muka taka busasshen taɓo yana ɓarewa kamar ɓawon burodi.
Ba rufi. Ba matakala.
Ƙashin kifi a cikin murhu.
Uwar maƙera na nan inda ya bar ta,
ta yi tsatsa, ta ƙi motsi.

Ƙyauren ya ruɓe, makulli ba abin buɗewa.
Dutsen saman ƙofar dai yana tsaye.
Katanga ta zube hagu da dama,
ko'ina hanya ce,
amma Nieves, doguwa, da wayarta a hannu,
ta nufi ƙofar,
ta sunkuya.

An ce damina za ta sauka da ƙarfi a watan gobe.
Na share dokin ƙofar da tafin hannuna
kafin mu tafi.